Waziri Junaidu da Takardun da Gara Ke Ci

Hausawa na cewa, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu ɗaliban Hausa mun iya jawo wannan karin magana a takardar jarrabawa, amma da wuya mu tsaya mu auna shi a kanmu. Wannan ne ya sa na ga ya dace in ɗan yi tsokaci a kan rayuwar wani bawan Allah wanda bai bar gida ba, har duniya ta zo ta same shi a zaurensa, watau marigayi Wazirin Sakkwato, Alhaji Junaidu, masanin tarihi kuma masanin harshe. Ni dai ba Basakkwace ba ne. Mutumin Sara ne, ta ƙasar Gwaram a kudancin Jihar Jigawa, kuma sai bayan rasuwarsa aka haife ni. Duk da haka, babu malamin da labarinsa ya tsaya mini a rai kamarsa.

An haifi Waziri Junaidu a 1906, shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato. Mahaifinsa shi ne Waziri Buhari, wanda ya riƙe gari a wannan mawuyacin lokaci, gidansu kuwa gidan Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ne, mijin Nana Asma'u 'yar Shehu. Ya tashi maraya, ya yi karatun allo da na zaure a gaban malaman Sakkwato, har ya tumbatsa a Larabci da Fulatanci da Hausa. An naɗa shi Waziri a 1948, ya kuwa riƙe sarautar har Allah ya yi masa rasuwa a watan Janairu na 1997.

Rubuce-rubucensa suna da yawa. Akwai Tarihin Fulani, wanda ya rubuta da Hausa aka buga a Zariya cikin shekarun 1950. Akwai Dabt al-Multaƙatat, na Larabci, inda ya tsinto labaran daular Shehu da suka warwatsu ya tsara su wuri ɗaya. Ya rubuta littafi a kan nahawun Fulatanci, ga waƙoƙi, ga kuma labaran tafiye-tafiyensa. To amma a ganina, babban aikinsa ya wuce waɗannan duka. Ya gaji tarin littattafai da wasiƙun kakanninsa, ya adana su, ya gwama wannan kofi da wancan don a gane inda mai kwafa ya yi tuntuɓe, sa'an nan bai kulle ƙofa ba. A gidansa Murray Last ya zauna ya yi binciken da ya zama littafinsa na tarihin daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967. A wurinsa kuma Jean Boyd ta sami taimakon da ya ba ta damar fito da tarihin Nana Asma'u a 1989. Da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1971, bai tsaya godiya kawai ba, sai da ya ja kunnen jami'a da kada ta zama baƙuwa a cikin al'ummar da ta gina ta.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa tarihi da ilmin harshe? Bari in kawo misali biyu. Malamanmu na da ba su cika rubuta shekara da lamba ba, sai su ɓoye ta cikin kalma a ƙarshen waƙa, abin da ake kira ramzi, inda kowane harafi ke da adadinsa. A lissafin da malaman ƙasarmu suka bi, irin na Magariba, harafin shinun 1000 ne, alhali a lissafin mutanen Gabas 300 ne. Ashe ke nan wanda bai san wannan ba zai iya kuskure shekarar waƙa da shekara 700 cur. Na biyu, a rubutun boko, garin da ake zaune a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi duk ɗaya muke rubuta su, amma mai ajami yana iya rarrabe su da alif na ja. Wanda bai san irin waɗannan abubuwa ba, ko an damƙa masa takarda a hannu, kallo kurum zai yi, kamar kare da ƙwallon goriba.

Nan ne maganar ta iso gidanmu. Kakana malamin zaure ne a Sara, ya rasu ya bar gafaka uku cikin wata adaka. Da na koma hutun da ya wuce, sai na roƙi baffana ya buɗe mini. Muka tarar gara ta cinye gafaka ɗaya, ta bar fata kawai. A sauran biyun akwai littattafan fiƙihu da aka saba gani, da wasu wasiƙu, da wata waƙa ta Fulatanci cikin ajami wadda ramzinta ya fara da shinun da ra, watau ƙarni na 13 na Hijira. Duk gidanmu yanzu babu mai jin Fulatanci sai wata gwaggona, ita kuwa ba ta karatu. Na riƙa tauna mata baitocin da ƙyar, tana gyara mini, tana fassarawa, wani wurin kuma ta yi shiru ta ce, "Ɗana, wannan kalmar rabona da jin ta tun iyayenmu na da rai." Ranar da ta kwanta dama, waƙar nan ta zama kurma a gidan da aka rubuta ta.

Ba gidanmu kaɗai ba ne. Masu kula da kayan tarihi sun zo Birnin Kudu tun cikin shekarun 1950 sun ɗauki zanen shanun da ke jikin Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, kuma madalla da wannan. Amma dutse yana iya jira, takarda da tsoho ba sa jira. Labaran yaƙe-yaƙen Ningi da suka addabi kudancin Kano a ƙarni na 19 suna bakin tsofaffinmu, haka kuma harshen Warjawa maƙwabtanmu, wanda Hausa ke ta ci daga gefe.

Wasu al'ummomi sun ɗanɗani wannan kafin mu. A cikin Armeniyawa, mutanen wata ƙaramar ƙasa kusa da Turkiyya da Iran, an yi wani masani mai suna Hrachia Acharian, wanda ya rayu daga 1876 zuwa 1953. Ya bi garuruwa yana rubuta karin harshen kowane yanki, ya fito da rabe-rabensu a 1909. Shekara shida bayan haka aka yi wa mutanensa kisan kiyashi da kora a daular Turkawa, garuruwa da yawa suka watse da harshensu, abin da ya rubuta ya zama cikin ɗan abin da ya rage. Daga baya ya wallafa ƙamus na asalin kalmomi mai tushe wajen 11,000. Shi da Waziri ba su san juna ba, amma sana'arsu ɗaya ce: tara hatsi tun damina ba ta faɗi ba.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, shawarata ita ce kada kundin digirinmu ya zama kwafar abin da wani ya riga ya kwafa. Kowannenmu yana da gari, kowane gari yana da zaure. Wayar da ke aljihunmu tana ɗaukar hoto da murya, abin da Waziri bai samu ba a ƙuruciyarsa. Mu koyi ajami da gaske, mu nemi izinin magada cikin ladabi, mu ɗauki hoton takardu mu bar musu kayansu, mu rubuta sunan gari da gidan da aka samo su. Malamanmu kuma muna roƙon su ware wurin ajiya a Sashe, don kada abin da aka tsamo daga bakin gara ya ɓace a cikin wayar da ta lalace.

Allah ya jiƙan Waziri Junaidu da sauran magabatanmu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bari, amin.