Inda Nauyin Bindiga Ya Zauna

Tun muna yara a Hausari, cikin garin Maiduguri, akwai wani tsohon maharbi da muke bi bayan gari, inda yakan rataye gwangwani a reshen dogon-yaro yana gwada hannu. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne al'adarsa kafin ya ɗura albarushi: sai ya ɗora adakarsa a kan yatsu biyu, yana matsar da su sannu a hankali har ta tsaya kwance, ba ta rinjaya gaba ko baya ba.

Wata rana muka ce, "Baba, me kake nema?"

Ya ce, "Cibiyarta, 'ya'yana. Wanda bai san inda nauyin bindigarsa ya zauna ba, iska yake harbi."

Sai da muka girma muka gane hikimar. Idan nauyi ya taru a baki, bindiga ba ta yawan rawa, amma tana saurin gajiyar da hannu. Idan ya koma gindi, ɗaga ta ba wuya, sai dai numfashi da bugun zuciya kaɗai sun isa su kaɗa bakinta. Kuma kaucewa kaɗan ba kaɗan ba ce: bindiga mai tsawon mita 1, in bakinta ya goce da milimita 1, harsashi zai kauce da santimita 10 a nisan mita 100. Shi ya sa a gasar Olamfik ta harbi daga mita 10, inda tsakiyar abin harbi ɗigo ne mai faɗin rabin milimita, maharba kan ƙara 'yan ƙarafa gaba ko baya, muddin bindigar ba ta wuce kilo 5.5 ba.

Borno ba baƙuwar bindiga ba ce. Imam Ahmad bn Fartuwa ya ba da labarin 'yan bindigar Mai Idris Alooma a ƙarni na 16, Rabe kuma da ita ya ci ƙasar a 1893. Daga 2009 mun ji ƙararta fiye da yadda muke so, mun kuma binne waɗanda harsashi ya samu alhali ba su aka auna ba.

A duk irin wannan jana'iza tsohon nan muke tunawa. Sau da yawa yakan ɗaga adaka, ya yi saiti, ya ji hannunsa bai natsu ba, sai ya sauke ta ya koma gida bai yi harbi ba. Allah Ya jiƙansa da rahama.