Inda Beyar Ke Fasa Gidan Kada

Fadamar Okefenokee tana kan iyakar jihohin Jojiya da Florida a ƙasar Amurka, faɗinta wajen eka 438,000. Ruwanta baƙi ne kamar shayin da ya jiƙu, saboda ruɓaɓɓun ganyaye. A wasu wurare in ka taka sai ƙasa ta yi rawa, don tulin ruɓaɓɓiyar ciyawa ce kwance bisa ruwa.

Ta wajen garin Folkston muka shiga cikin kwalekwale, a watan Yuli. Da hantsi ja-gorarmu ya tsaya a gefen wani tsibiri, ya nuna mana tarin ciyawa da laka an tone shi, ga ɓawon ƙwai farare warwatse. Ya ce, "Aikin beyar ke nan."

Shi beyar, mai karatu, wata baƙar dabba ce mai kauri da yawan gashi, wadda ta fi kare jin wari. Tarin kuwa sheƙar kada ce. Cikin watan Yuni macen takan tara ciyawa, ta saka ƙwai kamar 30 zuwa 50, ta rufe. Zafin ruɓewar ciyawar da na rana su ke ƙyanƙyashe su bayan kwana 65 ko kusa. Zafin nan kuma shi ke raba maza da mata: in ya yi ƙasa, mata za a samu.

Duk tsawon kwanakin nan uwar tana gadi a kusa, amma ƙarfin kada a ruwa yake. A tudu ba kullum take iya korar beyar ba, sai ya tone ya shanye wahalarta. Gaba da gabanta! A fadamar nan babu dabbar da ta kai shi ɓarnar sheƙuna, musamman shekarar da ruwa ya janye, hanya ta buɗe masa.

Abin mamaki, wannan tsohuwar gaba ba ta taɓa ƙarar da kada ba. Ɗan Adam ne, mai neman fata, ya kusa gamawa da shi, har a 1967 aka sa shi cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Da aka hana farauta ya farfaɗo, aka cire shi a 1987.

Muna juyawa na hangi idanu biyu bisa ruwa, daura da sheƙar, ba sa ko ƙyaftawa. Ja-gora ya ce uwar ce. Baɗi, in da rai, za ta sake tara ciyawa.