Mafarauci, Bindigarsa da Dajin Gwamnati

Duk wanda ya saba kasa kunne ga labarun duniya a rediyo ya sha jin ana ambaton "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya" in an zo batun siyasar Amurka. Abin da kan faɗo wa mai sauraro a rai shi ne mutum mai taurin kai, mai son bindiga, mai ƙin haraji, wanda ba ya ƙaunar gwamnati ta sa masa baki a al'amuransa. Wannan siffa da gaskiya a cikinta, amma ba ta cika ba. Ni a ganina, wanda bai san yadda mutumin karkarar Amurka ke ɗaukar farauta da kamun kifi ba, to zai yi wuya ya gane abin da mutumin nan ya riƙe har ake kiransa mai riƙau.

Na zauna 'yan shekaru a wani ƙaramin gari a jihar Pensilbaniya. A can, ƙarshen watan Nuwamba lokacin farautar barewa ne, kuma makarantu da dama na karkara sukan ba da hutu ranar Litinin ta farkon lokacin, don sun san ko an buɗe, rabin aji na daji. Tun da asuba za ka ga motoci a kife, maza da mata sanye da riguna ruwan lemo masu ɗaukar ido, wanda doka ce ta tilasta sa su don kada wani ya harbi ɗan'uwansa. Kowa da lasisinsa a aljihu. In mutum ya ka da barewa sai ya liƙa mata takardar shaida, ya kuma sanar da hukuma. Naman a yanka a zuba a firiza, iyali su yi ta ci har sanyi ya wuce. In Afrilu ta kama kuma, sai a ajiye bindiga a ɗauko fatsa a nufi rafi.

Maƙwabcina a garin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin kanikanci. Bai taɓa zaɓen wata jam'iyya ba in ba Rifablikan ba. In muna hira a bakin garejinsa, ba abin da ya fi ɓata masa rai kamar tsadar kaya, da yawan dokokin da ake yankowa daga Washinton, da mutanen birni waɗanda a cewarsa ba su taɓa fiɗe ko zomo ba amma suna son koya masa yadda zai riƙe bindiga. Sai dai wannan mutum da ke kukan haraji, akwai haraji guda da yake alfahari da shi. Ya taɓa ce mini, "Maƙwabci, duk harsashin da na saya, barewa na ciyar." Sai da na bi tarihi na gane abin da yake nufi.

A ƙarni na 19 Amurkawa sun yi wa namun dajinsu kisan kiyashi. Ɓaunar ƙasar, wadda a da ake ƙiyasta ta da miliyoyi barkatai, sai da ta koma 'yan ɗaruruwa a daji. Wata irin kurciya da garkenta kan rufe rana in ya tashi, ta ƙare ƙaf. Ta ƙarshe ta mutu a gidan ajiye namun daji na Sinsinati a 1914. Barewa ma ta kusa bin sahu. Masu harbi don sayarwa a kasuwa su ne suka yi yawancin wannan ɓarna, kuma mafarauta ne suka fara tashi tsaye don a tsai da ita. Jagoransu shi ne Theodore Roosevelt, gawurtaccen mafarauci kuma ɗan Rifablikan, wanda ya mulki ƙasar daga 1901 zuwa 1909, ya kuma keɓe fili kimanin eka miliyan 230 a ƙarƙashin kariyar gwamnati.

Daga nan dokoki suka biyo baya. A 1934 aka wajabta wa mai harbin agwagin ruwa sayen wani kan sarki na dala 1, kuɗin kuma a sayi fadamu da su. A 2015 farashinsa ya koma dala 25. A 1937 aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta karkata harajin bindigogi da harsasai zuwa ga jihohi don kula da namun daji, harajin da ya tsaya a kashi 11 cikin ɗari a kan dogayen bindigogi da harsashi. A 1950 aka yi irinta a kan kayan kamun kifi. Da waɗannan kuɗaɗe da na lasisi aka sayi dazuzzuka, aka ɗauki ma'aikata, aka maido da barewa da talotalon daji har suka yi yawa. Ka ji ma'anar zancen maƙwabcina.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Gwamnatin tarayyar Amurka na da fili kusan eka miliyan 640, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar, yawanci a yamma. A jihar Nebada kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasa na gwamnatin tarayya ne. A mafi yawan wannan fili, talaka da attajiri ɗaya suke: kowa na iya shiga ya kafa tantinsa, ya yi farauta, ya jefa fatsa. Amma da yawa daga cikin 'yan siyasar riƙau na ganin wannan mallaka ta yi yawa. Hujjarsu ba ta banza ba ce: ƙananan hukumomi ba sa iya karɓar harajin fili a kan dajin tarayya, garuruwa sun rasa wurin faɗaɗa, gidaje sun yi tsada, kuma ma'aikacin da ke nesa shi ke yanke wa makiyayi hukunci.

Sau uku cikin 'yan shekarun nan aka gwada wa zai rinjaya tsakanin wannan ra'ayi da mafarauta. A farkon 2017 ɗan majalisar wakilai Jason Chaffetz na jihar Yuta ya kawo ƙudurin sayar da eka miliyan 3.3, mafarauta da masunta suka yi masa ca, bai yi wata guda ba ya janye. A 2022 Andrew Clyde na jihar Jojiya ya nemi a soke harajin bindigogin nan, yana cewa tauye 'yanci ne. Ƙungiyoyin mafarauta suka ce a bar musu harajinsu, wasu abokansa suka zare sa hannunsu, ƙudurin ya bi ruwa. A watan Yunin 2025 kuma Sanata Mike Lee, shi ma na Yuta, ya cusa shirin sayar da miliyoyin eka cikin babban ƙudurin haraji da kashe kuɗi na Shugaba Donald Trump. 'Yan jam'iyyarsa daga Montana da Aidaho suka ƙi, ciki har da Ryan Zinke, wanda ya taɓa riƙe wa Trump ma'aikatar da ke kula da filayen. Kafin watan ya ƙare Lee ya janye.

Abin lura shi ne, waɗanda suka taka wa waɗannan ƙudurori birki, da yawansu su ne masu jefa wa masu ƙudurorin ƙuri'a. Mutumin da ke cewa gwamnati ta fita daga harkarsa, shi ne kuma ke cewa gwamnati ta riƙe masa daji. Da farko sai ka ce baki biyu ne, amma shi a wurinsa magana ɗaya ce. Abin da ya riƙe shi ne tsarin rayuwar da ya gada: kakansa ya kai ubansa wannan kwari, uban ya kai shi, shi ma yana son ya kai jikansa. Duk wanda zai raba shi da wannan gado abokin gabarsa ne, ko mai son karɓe bindiga ne daga hagu, ko mai son sayar da daji ne daga dama.

Ba a kan komai muka daidaita da dattijon ba. In aka zo batun harbe-harben makarantu, kamar na Sandy Hook a 2012 inda aka kashe yara 20, ko na Uvalde a 2022 inda aka kashe yara 19 da malamai biyu, sai ya ce laifin mai hannu ne, ba na ƙarfe ba, ya kuma tuna mini gyara na biyu na tsarin mulkinsu na 1791. Ni kuwa nakan ce masa, mutumin da ya yarda a ƙayyade masa ranar harbi, da adadin barewa, da launin riga, don a tsare ran dabba, me zai sa ya ƙi wani ƙa'idi don a tsare ran yaro? Yakan yi shiru ya ce tsoronsa shi ne in ka ba su taku ɗaya, gobe su nemi goma. Ban gamsu ba, shi ma bai gamsu ba, amma hirarmu ba ta taɓa yankewa ba.

Abin da ya sa na kawo wannan batu a shafin marubuta shi ne, mu masu alƙalami muna da saurin ɗauko mutum daga kanun labarai mu dasa shi a littafi da laƙabinsa kawai: wannan ɗan riƙau ne, wancan ɗan ci-gaba ne, shi ke nan. Laƙabi kuwa ba ya nuna inda mutum zai tsaya ranar da aka taɓa abin da yake so. 'Yan siyasa uku sun dogara da laƙabin mutanensu, sun kuma sha mamaki. Saboda haka, ɗan'uwa marubuci, kafin ka rubuta ra'ayin tauraronka, ka fara bin sa ka ga inda yake zuwa ran da ba ya aiki, da wanda yake tafiya da shi, da abin da yake fatan bar wa jikansa.