Gidajen manya a fim, da 'ya'yanmu na zango

Tun da fim ɗin Funmilayo Ransome-Kuti ya fito a 2024 yaranmu na Agege da Ogba ke kawo mana labarinsa har shago. Mun kalla, ko da yake a waya, don kada a ce an ga liman a gidan sinima. Bolanle Austen-Peters ta yi aiki. Ga matan kasuwar Abeokuta sun ƙi haraji har Alake Ademola ya sauka daga gadon sarauta a 1949, ga kuma gidan da ya haifi Olikoye da Fela da Beko. Yarabawa sun ba da labarin gidansu da bakinsu, ba mu ga laifinsu ba.

Namu kuwa wasu ke ba da shi. Fim ɗin Sarauniya Amina na 2021 da Turanci aka yi shi, kamar a Landan aka haifi Zazzagawa. A fim ɗin Badamasi kuma Enyinna Nwigwe, ɗan ƙabilar Ibo, shi ya fito a matsayin Janar Babangida. An yi ta surutu a majalisa bayan sallar isha'i: wai Bahaushe ya ƙare ne?

To, mu dai ba ƙabilar ɗan wasa ce ta dame mu ba. Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake nuna gidan ɗan Arewa: rawani, doki, algaita, kowa jini ɗaya. Alhali gidajen nan a gauraye suke. Matar Janar Murtala, Hajiya Ajoke, Bayarabiya ce, kuma a Ikoyi ɗin nan aka harbe mijinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Mahaifin Maryam Babangida mutumin Asaba ne. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ta sha ɗauri saboda siyasa, ubanta daga Gana ya zo, uwarta Banufiya, ta girma a Zariya, kuma ta yi tattaki har Abeokuta wajen Funmilayo ɗin nan.

Wannan ai labarin gidajenmu ne. Nawa ne cikinmu suka ɗaura aure da 'yan Ijebu ko Ilorin? 'Ya'yan da aka haifa, a nan a ce musu aboki, su je Kano hutu a ce ga Yarabawa sun zo. In sun kunna fim, Bahaushen Legas maigadi ne mai gurɓatacciyar Turanci, an sa shi don a yi dariya. Yaro ya tashi yana ganin kamar shi ne baƙo a ko'ina, bai san shugaban ƙasa ma irin gidansu ya yi ba.

Fim ɗin Gambo Sawaba kaɗai sai an ji Hausa da Nufanci da Yarabanci a cikinsa. Masu halin ɗaukar nauyinsa suna nan cikinmu, daga karar shanu ta Oko-Oba har kasuwar Mile 12, amma har yau ba mu ji wanda ya ɗaga waya ya kira 'yan fim na Kano ba.