A garin da kowa ya san kowa, ina mashayi zai kai kukansa?

Duk wanda ya taɓa zuwa Tagidda-n-Tasamt, can arewa da Ingal cikin jihar Agadas, ya san gari ne da ba ya ɓoye komai. Gidajen laka ne ƴan kaɗan, ga ramukan gishiri birjik a bakin gari, wani ja, wani fari, wani rawaya, kowane da mai shi. In baƙo ya sauka da hantsi, kafin azahar an san sunan ubansa. A irin wannan wuri, mutumin da giya ta kama yana fama da ciwo biyu: ciwon kwalba da ciwon idon jama'a, kuma sau da yawa na biyun ne ke hana a yi maganin na farkon.

Na daɗe ina fataucin gishirin dabbobi tsakanin Tagidda, Ingal da Tawa. Direban da ke ɗaukar mini kaya abokina ne tun ƙuruciya. Shekarun da ya yi yana jan babbar mota bisa hanyar Tawa zuwa Arlit, inda ake haƙar uraniyom tun 1971, sun ba shi kuɗi, sun kuma ba shi wannan masifa. Matarsa ta yi yaji, masu kaya suka fara janye jiki. Ranar da ya buɗe mini cikinsa, bai nemi wa'azi ba, don ya san haramcin giya kamar yadda na sani. Abin da ya ce in nemo masa shi ne mutanen da suka faɗa ramin da ya faɗa, suka kuma fito.

Wannan buƙata tasa tana da tarihi. A 1935, a garin Akron na jihar Ohayo a Amurka, wani dillalin hannun jari, Bill Wilson, da wani likitan fiɗa, Bob Smith, dukansu mashaya, suka gane cewa hirar da suke yi tsakaninsu ita ke riƙe hannunsu daga kwalba. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali, kuma ta bazu cikin duniya. Ƙa'idodinta masu sauƙi ne: ba kuɗin shiga, ba a faɗin cikakken suna, kowa labarin kansa yake bayarwa, alkawarin da ake ɗauka kuwa na yini guda ne, gobe a sabunta shi. Tun kafin su, a 1877, an kafa ƙungiyar Croix-Bleue a Janeba domin tallafa wa mashaya.

To amma ɓoye suna dabara ce ta babban birni. A Tagidda ko Ingal, wa zai ɓoye sunansa ga wanda suka yi makarantar allo tare? Abin da ke iya maye gurbinsa a nan shi ne amana. Na je wurin wani majo, wanda aikinsa ya sa ya san masu zuwa da safe hannu na rawa. Ban tambaye shi sunan kowa ba, shi ma ba zai faɗa ba. Saƙo kawai na bar masa, ya isar ga wanda ya ga dama. Bayan wata biyu, mutum biyu suka amsa: wani malamin lakwal da aka turo daga kudu, da wani mai sayar da hatsi.

Zauren bayan shagona na Ingal na ba su, sau ɗaya a mako. Da butar shayi da gawayi a gabansu, mai wucewa fada kawai yake gani, irin wadda ke kowace unguwa. Ni nakan hura wuta in fita, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sauran kwanaki kuwa da salula suke neman juna bayan magariba, lokacin da sha'awar ta fi tsanani. Ɗayansu ya zame a taron bikin gishiri na watan Satumba. Da ya dawo zaure, ba wanda ya tuhume shi, an dai miƙa masa kofinsa.

Akwai gargaɗin da majon ya nanata mini. Wanda ya daɗe yana sha kullum, kada ya daina farat ɗaya shi kaɗai. Cikin kwana 2 zuwa 3 yana iya kamuwa da karkarwa, farfaɗiya da gane-gane, har ta kai ga rasa rai. A fara da asibiti, sannan zaure ya biyo baya.

Abokina ya shekara biyu bai sha ba, matarsa ta koma ɗakinta, gishirina kuma yana isa Tawa a kan lokaci. Ku ƴan kasuwa da ma'aikata masu karatu, kusan kowannenku ya san wani mai irin wannan ciwo, a ofis ko a tasha ko a gida. Tabarma, shayi da kame baki su ne jarin wannan aiki, kuma mutum biyu sun isa a fara. Allah shi rufa mana asiri baki ɗaya.