Jarin da ba ya cikin kasafin kuɗi

Jiya wata baiwar Allah ta zo ofishinmu bin haƙƙin mijinta da ya rasu. Wata huɗu tana sintiri, kullum a ce ba a ga fayil ba. Ni kaina sau biyu ina rubuta wa sashen ajiyar fayil takarda, shiru kake ji. Da Baba masinja ya ji, sai ya ce, "Yallaɓai, a ba ni zuwa azahar." Wallahi kafin a kira salla ya dawo da fayil a hannu. Ashe an cusa shi cikin na wani mai irin sunan mamacin. Akawun da ya bar aikinsa ya tsaya ya tono shi kuwa, Baba ne ya taya shi kwana a asibiti bara, lokacin da ɗansa ba lafiya.

Shekarata 18 ina aikin gwamnati, kuma na sha ganin haka. Umarni a rubuce yake zuwa, amma yarda da zumuncin da ke tsakanin ma'aikata su ke sa aiki ya motsa. Wanda kuka ci abinci kwano ɗaya zai nuna maka kuskurenka kafin ya kai teburin darakta. Sabon ma'aikaci ma a bakin na gaba da shi yake koyon aiki.

Damuwata ita ce wannan jarin yana zurarewa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowa lissafin kuɗin mota yake yi. Har Kwara da Edo sai da suka mayar da ranakun zuwa ofis uku a mako a lokacin. A namu ofishin adashi ya watse, suna da ta'aziyya sun koma WhatsApp. Akwai yaran da aka ɗauka aiki da ban ma san sunansu ba, kuma laifina ne.

Sai dai matar nan ta hana ni barci. Da Baba bai ji ba fa? Zumuncin da ke aiki ga wanda aka sani kaɗai, shi ne "wa ka sani" ɗin da muke zagi kullum. Haƙƙinta ne, bai kamata ya zama alfarma ba.

Ranar Litinin in sha Allahu zan fara da koyon sunayen yaran nan. Ku fa, ya abin yake a naku wajen aikin?