Zafin da ke Tserewa: Tsakanin Bonn da Dudunni

A birnin Bonn na Jamus, mai girki ba ya jiran shinkafa ta nuna kafin ya kashe murhun lantarki. Ana saura 'yan mintuna zai murɗe makunni, zafin da ya rage a farantin ƙarfen ya ƙarasa aikin. Tukunya a rufe take, gindinta daidai da faɗin farantin. Obin kuwa ba a yawan buɗe shi don leƙe, sai dai a duba ta gilashi. A 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa gas ya yi tsada, har gwamnatin Jamus ta fito tana roƙon jama'a su yi tsimi.

A Dudunni, a nan Arewa, ba mita ce ke ƙirga wa uwargida asara ba, damin itace ne da karan dawa. Ta kuma san aikinta. Tana sa kanwa a wake don ya yi saurin nuna, tana janye itace da zarar talge ya tafasa, ta yayyafa wa bakin wutar ruwa don gobe. Tuwo na sauka, ruwan wanka ya hau kan garwashi. Idan wata ta hura wuta, kishiya ko maƙwabciya ta zo ɗiba, ashana ta huta.

Cikas ɗin yana ga murhun. Duwatsu uku a tsakar gida, iska na kaɗawa ta kowace kusurwa, musamman da hunturu, sai mafi yawan zafin ya bi iska, hayaƙi ya bi ido da ƙirjin mai tuƙi da na goyonta.

Jamusawa ma sun taɓa shiga halin tsimin makamashin girki. Suna da akwatin da ake cusa wa ciyawa, a sa tukunyar da ta tafasa a rufe, abinci ya nuna ba wuta. Har a kicin ɗin zamani da aka tsara a Frankfurt a 1926 an tanadar masa wuri. Dabarar ta iso Arewa tare da murhun Save80, wanda ƙungiyar atmosfair ta Jamus ke haɗawa a Kano: 'yan ƙiraruwa sun isa a tafasa, akwati ya ƙarasa.

Sai dai kuɗinsa. Iyalin da ke sayen itace kullum da 'yan canji ba sa iya biyansa a dunƙule. A nan adashen matan gari da biyan kaɗan-kaɗan za su fi kowace wayar da kai amfani.